Tseren Motoci da Ƙaramin Aljihu

Duk wanda ya taɓa kallon manyan tseren motoci na duniya, irin waɗanda ake kira Formula One, ba abin mamaki ba ne idan ya ɗauka cewa wannan wasa ne na sarakunan kuɗi kaɗai. Yana da hujja kuwa. A cikin shekarar 2021, sa'ad da hukumar wasan ta ga ɓarnar dukiya ta yi yawa, sai ta ƙayyade wa kowace ƙungiya abin da za ta kashe a shekara, ta ce kada ya wuce dalar Amurka miliyan 145, kuma manyan ƙungiyoyi suka ɗauki wannan a matsayin tsuke bakin aljihu. Amma a ƙarƙashin wannan rumfa ta attajirai akwai wata duniya dabam wadda telebijin ba ya nunawa. Tun daga farkon bazarar Turawa har sanyi ya shigo, kusan kowace Asabar da Lahadi za a tarar da malaman makaranta, da masu gyaran famfo, da akawuna, da manoma, sun taru a wani fili a ƙasar Ingila tun da asuba, kowa ya jawo tsohuwar motarsa a kan tirela, ya zo ya kashe abin da ya tara daga albashinsa don ya yi gudun minti goma sha biyar. Ba a biyansu ko kwabo. Wanda ya ci, iyakar abin da zai samu shi ne ɗan kofin kwano da zai ajiye a kan kanta.

Ba haka abin ya faro ba. Dokar motoci ta 1903 ta hana gudu fiye da mil 20 a sa'a a kan titunan Birtaniya, saboda haka mai son tsere sai ya ƙetare zuwa Faransa. A 1907 wani attajiri mai suna Hugh Locke King ya gina filin Brooklands a kan ƙasarsa, kudu maso yamma da Landan, da kuɗin aljihunsa, kuma aka shirya wurin bisa tsarin sukuwar dawaki, har direbobin farko sukan sa riguna masu launi irin na mahaya don a gane su. Masu wurin suna alfahari da cewa 'ya'yan manya ne ke zuwa, babu cunkoson talakawa. Bakanike yana iya shiga, amma da sifana a hannunsa, yana yi wa maigidansa hidima.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya karya wannan ƙofa, ba da niyya ba. Da aka gama yaƙi a 1945 sai ga filayen jiragen sama na soja barkatai a ƙasar, an yashe su, ga shimfiɗaɗɗiyar kwalta mil bisa mil babu mai amfani da ita. Silverstone, da Goodwood, da Snetterton, da Thruxton, da Castle Combe, duk asalinsu filayen jiragen yaƙi ne. Ga kuma dubban samari da aka sallama daga soja, waɗanda suka koyi walda da gyaran inji a bakin daga, suka dawo gida da gwaninta a hannu amma babu kuɗi. Fetur ma da kati ake sayensa har zuwa 1950. Mutanen da ke cikin irin wannan hali ba za su iya sayen motar tsere daga Italiya ba, sai dai su ƙera tasu.

Waɗansu ma'abota motoci a birnin Bristol suka kawo shawarar a riƙa tsere da ƙananan motoci masu injin babur, wanda bai wuce sisi 500 ba. Wani mai gareji a Surbiton, Charles Cooper, shi da ɗansa John, suka samo gaban ƙananan motocin Fiat guda biyu da suka yi haɗari, suka haɗa su da walda suka zama mota ɗaya, sa'an nan suka ɗora injin babur na JAP. Da yake injin babur da sarƙa yake juya taya, hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye shi a bayan direba, kusa da tayoyin baya. Larura ce ta sa suka yi haka, amma sai ta zama babbar dabara, domin motar da nauyinta ke tsakiya ta fi saurin shan kwana. A cikin irin wannan 'yar mota Stirling Moss ya fara tsere a 1948 yana ɗan shekara 18. Bayan shekara goma, a 1958, shi wannan Moss ya ci tseren ƙasar Ajantina da motar Cooper mai inji a baya, ya bar manyan motocin Ferrari a bayansa, Jack Brabham kuma ya zama zakaran duniya da ita a 1959 da 1960. Tun daga farkon shekarun 1960 babu wanda ya sake cin gasar da inji a gaba.

Ƙungiyar da ta fi kowace tasiri a wannan fage ita ce 750 Motor Club, wadda aka kafa a 1939, kuma har yanzu tana shirya tsere. Sunanta ya samo asali daga wata 'yar mota mai suna Austin Seven, mai inji sisi 747, wadda aka ƙera wajen guda 290,000 kafin a daina yinta a 1939. Bayan yaƙi tsofaffinta sun cika ko'ina, ana sayar da su da arha. A 1949 ƙungiyar ta tsara ƙa'ida cewa duk mai son tsere ya samo shasi da inji na wannan mota, ya gina abin da ya ga dama a kai. Ma'anar wannan ita ce kowa da kayan aiki iri ɗaya zai fara, bambancin kawai shi ne abin da ke cikin kan mutum da abin da hannunsa ya iya.

Cikin waɗanda suka shiga akwai wani ɗalibin injiniya na jami'ar Landan, Colin Chapman. Yana ɗalibi yakan sayi tsofaffin motoci ya sayar, har hukuma ta janye rabon fetur na masu motocin gida a 1947, kasuwar ta faɗi, ya rage da wata Austin Seven ƙirar 1930 wadda babu mai so. Ya kai ta wani ɗan gareji a bayan gidan iyayen budurwarsa Hazel, ya kwance ta, ya sake mata jiki da katako da gwangwanin alminiyam, ya sa mata suna Lotus. A 1948 ke nan. Motarsa ta uku, wadda ya gina don tseren ƙungiyar a 1951, ta zama abin tsoro, domin ya gano dabarar raba hanyoyin da fetur da iska ke bi su shiga inji, ta yadda kowace silinda za ta sami rabonta sosai. Ta yi ta cinye tsere har aka sake ƙa'ida don a hana wannan dabara. A 1952 ya kafa kamfani a wani tsohon bargan dawaki a bayan hotel ɗin mahaifinsa a unguwar Hornsey, kuma tsakanin 1963 da 1978 Lotus ta ci gasar duniya ta masu ƙera motoci sau 7. Eric Broadley, wanda ya kafa kamfanin Lola a 1958, shi ma daga wannan ƙungiya ya fito, asalin sana'arsa kuwa ƙididdigar kayan gini ce.

Akwai darasi a cikin aikin Chapman wanda har yau mai ƙaramin ƙarfi ke cin moriyarsa. Ƙara wa inji ƙarfi yana cin kuɗi mai yawa, kuma a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake da amfani. Rage wa mota nauyi kuwa sau da yawa ba ya cin komai sai gumi, ga shi yana taimakon tashi, da birki, da kwana, har da daɗewar taya. Shi ya sa abin da ɗan koyo ke fara yi wa motarsa shi ne ya cire kujerun baya, da darduma, da rediyo, da duk wani abin da ba ya sa mota gudu.

Wanda ba shi da ko tsohuwar mota fa? Labarin Graham Hill ya amsa wannan. Bai sami lasin tuƙi ba sai yana ɗan shekara 24. A 1953 ya ga talla a wata mujalla cewa ana ba da hayar motar tsere a filin Brands Hatch, sule biyar kowane zagaye. Ya biya fam ɗaya, ya yi zagaye huɗu, daga nan sha'awar ta kama shi. Ya bar aikinsa, ya riƙa yi wa masu motoci aikin kanikanci a kan sharaɗin a bar shi ya tuƙa lokaci-lokaci, har ya shiga Lotus a matsayin bakanike. Ya zama zakaran duniya a 1962 da 1968. Wannan hanya ta musayar gumi da kujerar direba ta ƙuntata ƙwarai a manyan gasa, amma a ƙananan ƙungiyoyi tana nan da ranta, domin kullum akwai mai mota da ke neman wanda ya iya gyara.

Sai dai kuɗi kamar ruwa yake, duk inda aka toshe sai ya nemi wata kafa, kuma tarihin tsere mai arha tarihin wannan kokawa ne. Duk sa'ad da aka ƙirƙiro wani aji don talaka, ba a daɗewa sai mai hali ya shigo, ya kai injinsa wurin ƙwararre, ya sa sababbin tayoyi kowane tsere, sauran kuma su ga tilas su bi sahu ko su zama 'yan rakiya. A 1967 aka fara Formula Ford a Brands Hatch, da injin motar Cortina irin wadda ake zuwa ofis da ita, da tayoyin titi, da sharaɗin kada cikakkiyar mota ta wuce fam 1,000. Tsarin ya yi albarka, domin ta nan Emerson Fittipaldi, da James Hunt, da Ayrton Senna suka bi. Amma iyakar farashin ba ta daɗe ba, kuma da tafiya ta yi nisa sai ya zamana mai neman cin gasar yana bukatar ƙungiya ta ƙwararru a bayansa. A Amurka kuma, a farkon shekarun 1960, an ƙirƙiro Formula Vee da inji da giya da ƙafafun Volkswagen ɗin nan mai siffar kunkuru, ita kuwa ta fi riƙe arharta, saboda injin ba shi da wani ƙarfin da za a tatsa komai kuɗin mutum.

Mutanen Finland su ne suka samo maganin da ya fi kowane kaifi. Suna da wani tsere da sunansa ke nufin ajin kowa da kowa, wanda ake yi a kan gajerun hanyoyi na tsakuwa da kwalta, aka tsara su yadda gudu ba zai wuce wajen kilomita 80 a sa'a ba, har ɗan shekara 15 yana iya shiga. Ƙa'idarsa ita ce kowace mota da ta shiga tsere ta sayarwa ce, a kan farashi ɗaya da hukuma ta yanke, wanda a shekarun 2010 ya kasance wajen yuro 1,500. Idan an tashi, duk mai so sai ya ajiye kuɗi ya ce yana son mota kaza. In masu so sun yi yawa a jefa ƙuri'a. Mai motar yana da ikon cire kujerarsa da ɗamarar tsaro, amma in ya ƙi sayarwa sai a karɓe lasinsa. To, wane ne zai zuba dukiya a motar da za a iya raba shi da ita kafin magariba? Da wannan doka guda aka kashe gasar aljihu, aka bar gasar gwaninta. Amurkawa sun ɗauki wata hanya mai kama da wannan a 2006, da tseren da suke kira 24 Hours of Lemons, inda ba a yarda kuɗin mota ya wuce dala 500 ba, ban da kayan tsaro da birki da taya, alƙalai kuma sukan rage wa duk wanda suka zarga da wuce iyaka yawan zagayen da ya yi.

A Birtaniya ta yau, mai son farawa ba ya bukatar motar tsere ko kaɗan a matakin farko. Hukumar da ke kula da wasan, wadda tun 2018 ake kira Motorsport UK, tana da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, kuma tun 2020 tana ba da lasin matakin farko kyauta. Da wannan lasin da katin ƙungiya mutum yana iya shiga wani wasa da ake kira autosolo, wanda ake yi a filin ajiye motoci ko tsohon filin jirgi. Ana jera alamun roba, direba ya bi ta tsakaninsu shi kaɗai ana duba agogo, da wuya ya wuce giya ta biyu. Dole ne motar ta zama wadda aka tuƙo daga gida, watau ita ce dai ta kai yara makaranta. Masu neman suna sukan raina wannan wasa, amma a nan ne mutum ke koyon abin da ya fi kome muhimmanci, watau jin lokacin da taya ke gab da sakin ƙasa, kuma yana koyonsa a wurin da kuskure ba zai ci masa fiye da daƙiƙa biyar na tara ba.

Mataki na gaba shi ne gudun agogo a filin tsere na sosai, ko hawan tudu. Nan ma mota ɗaya ke tafiya a lokaci guda, saboda haka babu fargabar wani ya buge ta. Tudun Shelsley Walsh a gundumar Worcestershire ana hawansa tun 1905, tsawonsa yadi 1,000 ne, kuma a rana ɗaya za a ga wanda ya zo da motar gida yana jiran layi tare da masu motocin da ke gama tudun a cikin ƙasa da daƙiƙa 25. Doka ta yarda mutum biyu su yi tarayya a mota ɗaya, shi ya sa ake yawan ganin uba da ɗa, ko miji da mata, suna karɓa-karɓa.

Akwai kuma wata ƙofa wadda ba ta cin ko sisi, ita ce aikin sa kai na masu tsaron fili, waɗannan masu rigunan ruwan lemo da ke tsaye a kowace kwana da tuta da abin kashe wuta. In babu su babu tsere, daga na ƙauye har na duniya. Wanda ya yi shekara guda yana tsaye a bakin kwana ya ga yadda gwani ke shigarta da yadda ɗan koyo ke shigarta, ya ga irin kuskuren da ke kai mota bango, ya kuma san mutanen da gobe za su gaya masa wace mota ce ta sayarwa da wadda ya kamata ya guje wa.

Tseren gaba da gaba, inda mota talatin ke rige-rigen shiga kwanar farko, shi yana bukatar lasin na musamman. Mai nema zai nuna shaidar lafiya, musamman ta ido, sa'an nan ya je ɗaya daga cikin makarantun da aka amince da su ya yi jarrabawa kashi biyu. Na farko a rubuce ne, kuma jigonsa sanin tutoci: rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba a wuce kowa, ja na nufin an tsayar da tsere, shuɗiya na nufin wanda ya fi sauri yana tafe a baya, mai ratsin rawaya da ja na nufin mai ko ruwa ya zuba a hanya, baƙa kuwa kira ne ga direba ya fito ya amsa tambaya. Kashi na biyu tuƙi ne tare da malami a gefe, shi kuwa malamin ba gudu yake dubawa ba, natsuwa yake dubawa, da ko mutum yana kallon madubi. Wanda ya ci, sai ya manna baƙar alama mai siffar gicciye a kan rawayan fili a bayan motarsa, don na baya su san ɗan koyo ne, ba zai cire ta ba sai ya gama tsere shida lami lafiya an sa masa hannu.

A nan ne lissafi ke ruɗin mutane da yawa. Mai doki ya san cewa sayen doki ba shi ne wahala ba, dawa da harawa na kullum su ne ke gwada arzikin mutum, to haka motar tsere take. Kuɗin shiga tseren ƙarshen mako guda ɗaruruwan fam ne. Ga taya, ga takalmin birki, ga fetur, ga baƙin mai da ake canzawa a kai a kai, ga tirela da motar da za ta ja ta, ga man tafiya zuwa filin da ke nesa, shi ya sa da yawa ke kwana a tanti a gefen motarsu. Abin da ya fi duka nauyi shi ne inshorar mota ta yau da kullum ba ta aiki a filin tsere, kuma al'adar wasan ita ce kowa ya gyara tasa, ko da wani ne ya buge shi. Saboda haka tsofaffin hannu sukan gargaɗi sabon shiga da kada ya kawo motar da ba zai iya jure ganin an kwashe ta a tarkace ba. Wanda ya kashe dukan abin da ya tara wajen sayen mota, sau da yawa tsere biyu ko uku yake yi ta koma gareji ta zauna, a ƙarshe ya sayar da ita da hasara. Wanda ya fi shi dabara yakan sayi wadda wani ya riga ya gina ya yi tsere da ita, domin kusan kullum ginanniya ta fi arha bisa kuɗin kayan da ke jikinta, ya kuma zaɓi ajin da motoci iri ɗaya ne da yawa, inda kayan gyara ke samuwa a wurin masu kwance tsofaffin motoci.

Wannan shi ne sirrin farin jinin Mazda MX-5, wadda aka fara sayarwa a 1989 aka kuma ƙera fiye da miliyan ɗaya, da 'yar ƙaramar Citroën C1 mai silinda uku. Ita C1 ba ta da wani gudu, amma ana tseren sa'a 24 da ita, inda abokai huɗu ko biyar ke haɗa kuɗi su yi karɓa-karɓar tuƙi, kowa ya ɗauki kaso na taya da fetur. A 2019 kusan guda 100 suka tashi tare a Silverstone. In motoci duka ƙarfinsu ɗaya, wanda ya iya ajiye gudunsa a cikin kwana shi ke gaba, kuma direbobi da yawa da suka tuƙa manyan motoci sun shaida cewa irin wannan tsere ya fi koyar da mutum.

Wuri guda ne tsimi ba shi da amfani, watau kayan tsaro. Kafin a bar kowace mota ta shiga fili sai masu bincike sun duba kejin ƙarfen da ke kare direba in ta kife, da ɗamarar kafaɗa da ƙugu, da abin kashe wuta, da makunnin da ke yanke lantarki daga waje, da hular kwano, da rigar da ba ta kama wuta da sauri, da abin da ke riƙe kai da wuya, wanda ya zama tilas a tseren fili a Birtaniya tun 2016. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idodi da ran wani aka saye ta. A 1973, a filin Zandvoort na ƙasar Holan, motar wani saurayi Baturen Ingila, Roger Williamson, ta kife ta kama wuta. Abokinsa David Purley ya tsayar da tasa motar, ya ruga ya yi ta ƙoƙarin ɗaga ta shi kaɗai, masu tsaron wurin kuwa ba su da rigunan da za su kusanci wuta, Williamson ya mutu a ciki duniya tana kallo. Hular kwano ta gwanjo, wadda ba a san ko ta taɓa faɗuwa ba, ba ta cikin abubuwan da mai hankali ke saye don arha.

Akwai wani haɗarin kuma wanda keji ba ya karewa, shi ne na buri. Nigel Mansell injiniya ne a kamfanin Lucas, ya bar aikinsa ya rungumi tsere. A 1977 ya karya wuya a Brands Hatch, ya sallami kansa daga asibiti, ya koma ya ci gasar Formula Ford ta wannan shekara. Da zai hau mataki na gaba, shi da matarsa suka sayar da gidansu, kuɗin kuwa ya ƙare a cikin 'yan tsere kaɗan. Sai a 1992, yana ɗan shekara 39, ya zama zakaran duniya. Ana yawan ba da wannan labari don ƙarfafa gwiwa, amma dalilin da ya sa aka san shi shi ne ya ƙare da daɗi. Waɗanda suka sayar da gida ba su kai ko'ina ba sun fi yawa nesa, babu mai rubuta tarihinsu. Haka nan Lewis Hamilton, wanda ya fara da 'yar ƙaramar motar yara ta hannu yana ɗan shekara 8, mahaifinsa yana haɗa aiki biyu ko uku don ya biya kuɗin tseren, ba don kamfanin McLaren ya ɗauki nauyinsa a 1998 ba, da wuya a ce ya kai inda ya kai, har ya ci gasar duniya sau 7. Shi da kansa ya sha faɗin cewa yaro daga gida irin nasu da ƙyar zai iya bin wannan hanya yanzu, saboda tsadar da tseren yara ya yi. Tsere don sha'awa yana cikin ikon mai albashi in ya iya lissafi, amma tsere don neman sana'a wani abu ne dabam, kuma rikita su biyun shi ne ya jefa iyalai da yawa cikin bashi.

A nahiyar Afirka ma an taɓa ganin abin da tsohuwar mota da gwanin hannu za su iya. Tseren Safari na Afirka ta Gabas, wanda aka fara a 1953, a wancan zamani dubban mil ne na laka da ƙura da duwatsu, kuma tun farkon shekarun 1960 manyan kamfanonin Turai ke aiko da motocinsu da direbobinsu. A 1964 kamfanin Volvo ya kawo motoci bai yi nasara ba, ya bar ɗaya a Kenya. Joginder Singh, haifaffen Kericho, wanda ya tashi yana miƙa sifana a garejin mahaifinsa, ya karɓi wannan mota ƙirar PV544, wadda ta riga ta sha dubban mil na wahala, shi da ɗan'uwansa Jaswant suka kwance ta suka sake ɗaure ta da hannunsu, suna ƙarfafa duk inda suka san hanyar ƙasarsu za ta karya. A 1965 suka shiga da ita da lamba 1 a jikinta, suka riƙe gaba har suka komo Nairobi, motocin kamfanoni suna biye. Joginder ya sake cin Safari a 1974 da 1976, wannan karon da motar Mitsubishi da kamfani a bayansa, ita kuwa tsohuwar Volvo ɗin daga baya an gyara ta, aka riƙa nuna ta a gidan tarihin kamfanin a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin.